Yadda rumfar hularmu ta Kurmi ta samu adireshi a intanet

Saura kwana tara Sallah, a azumin 2022, aka sace mana shafin da muke tallar hula a ɗaya daga cikin kafofin sada zumunta. Bayan sahur na ga saƙo, wai daga masu kafar ne, wai za a rufe shafin idan ban tabbatar nawa ne ba. Ido duk barci na danna, na saka kalmar sirri, na kuma tura lambar da ta shigo wayata. Kafin in isa kasuwa an canza komai. Shekara huɗu ina tara mabiyan nan ɗaya bayan ɗaya, suka tafi tsakanin asuba da hantsi.

Goman ƙarshe na azumi ita ce kakar mai hula, cinikin da ake yi a cikinta yakan riƙe mutum watanni. Amma asarar cinikin da sauƙi a kan abin da ya biyo baya. Ɓarawon ya ci gaba da saka hotunan hulunanmu, yana karɓar kuɗin mutane da sunan mahaifina. Ana gobe jajibere wani bawan Allah ya zo takanas daga Kaduna, ya nuna mana shaidar kuɗin da ya tura na hula uku. Asusun ba namu ba ne, na fara yi masa bayani. Baba ya ɗaga mini hannu, ya zura hannu a aljihu ya ƙirgo kuɗin cif ya miƙa masa, ya ba shi haƙuri. Da mutumin ya tafi sai ya ce da ni, "Ba mu muka ci ba, amma da sunana aka ci."

Rumfarmu tana layin 'yan hula a Kasuwar Kurmi, kasuwar da ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Baba a hannun mahaifinsa ya gaje ta. Muna sayar da zanna bukar, kube, tangaran, damanga, wasu ɗinkin matan cikin gari, wasu kuma daga Maiduguri ake kawo mana, a hannun mutanen Bama da rikici ya koro tun 2014 suka ci gaba da sana'arsu a can. Takardun rumfar suna cikin wani tsohon akwatin ƙarfe a ɗakin Baba, kuma ba wanda zai wayi gari ya ce mu tashi. A daren nan na zauna ina tunani, sai na ga cewa a intanet ba mu da irin wannan akwatin. Shekara huɗu kasa kaya nake yi a bakin shagon wani. Na tuna ranar 4 ga Oktoba 2021 da Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke a duk duniya har kusan awa shida, yadda masu talla ta waya suka yi cirko-cirko. A lokacin na ɗauke shi labari ne kawai. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Bayan Babbar Sallah na fara neman wanda zai yi mana shafin intanet namu na kanmu. Wani abokina ya haɗa ni da wani saurayi. Ya faɗi kuɗinsa, na taya, ya sallama, na biya rabi. Cikin mako biyu ya nuna mini shafi mai kyau, da hotuna goma sha biyu da lambar wayata. Na cika masa kuɗinsa ina murna. Ban tambaye shi komai ba, domin ban san abin da ake tambaya ba. Duk lokacin da sabuwar hula ta zo sai na tura masa hoto na jira, wani lokaci kwana uku, wani lokaci mako biyu. Daga baya ya daina ɗaukar waya. Shekara na zagayowa na buga adireshin, sai na tarar da farin shafi da rubutun Turanci. Shi ke nan.

Na yi wata huɗu ban sake tayar da maganar ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Kuma na lura yawancin maƙwabtanmu a layi da ke cewa shafin intanet ɓarnar kuɗi ne, ko dai an taɓa yi musu irin wannan, ko sun san wanda aka yi wa.

Ƙanwar matata ce ta warware mini abin. Ta karanta ilimin kwamfuta a Jami'ar Bayero, tana jiran tafiya hidimar ƙasa. Wata Juma'a ta zo gidanmu, matata ta ba ta labari. Tambayar farko da ta yi mini ita ce, "Yaya, sunan shafin da imel ɗin wa aka yi masa rajista?" Na ce ban sani ba. Ta bincika, ta ce da nasa ne. Sannan ta zaunar da ni ta yi mini bayani da yaren kasuwa. Abu uku ne, in ji ta. Akwai sunan shafi, wato adireshin da mutane ke bugawa, shi ne lambar rumfa, kuma haya ake yi shekara-shekara. Akwai ma'ajiya, wata babbar kwamfuta da ba ta kwana inda hotuna da rubutu ke zaune, ita ma haya ce. Sannan akwai ginin shafin kansa, wanda shi kaɗai na ɗauka nake saye. Saurayin nan ya kama haya da sunansa, wa'adi ya cika, bai sabunta ba. Da an yi da sunana, ko ya ɓace sai in kira wani ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Wannan bayanin bai kai minti goma ba, amma rashinsa ya ci mini shekara guda da kuɗin hula mai yawa. Har yau in ɗan kasuwa ya tambaye ni, daga nan nake farawa.

Muka sake sabon lale a ƙarshen 2023. Tsohon sunan ya riga ya kuɓuce, sai muka zaɓi wani, gajere, wanda za a iya faɗa a waya ba sai an maimaita ba. Nan muka ci karo da ƙaramar matsala da ban taɓa tunani ba: a sunan rumfarmu akwai ƙ mai lanƙwasa, ga shi mutane ba sa buga ta a waya. Muka bar ta k a adireshi, muka rubuta ta daidai a kan shafin. Mai ƙarewa da .com.ng muka ɗauka. Ƙungiyar NiRA ce ke kula da sunayen da ke ƙarewa da .ng, akwai kamfanonin da ta amince wa su yi rajista, kuma da naira ake biya. Kuɗin shekara bai kai na hula ɗaya matsakaiciya ba. Da hannuna na buɗe asusun, da imel ɗina, da lambar wayata, ita tana gefe tana nuna mini inda zan danna.

Ma'ajiya ce ta ɗan ba mu wuya. Ƙanwar matata ta fi son wani kamfanin waje, amma da dala ake biya. Tun watan Yunin 2023 da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dala ta bar wajen 460 a farashin gwamnati ta yi sama, kafin Fabrairun 2024 ta kai wajen 1,500. Ga shi a lokacin bankuna da yawa sun hana katin naira biyan kuɗi a waje. Na ce mata ba zan ɗauki hayar da ban san nawa za ta zama baɗi ba. Muka kama ta wani kamfanin gida. Ta ɗora WordPress, abin gina shafi wanda kyauta ne, ta ƙara masa WooCommerce mai mayar da shafi kanti, ta kuma tabbatar ɗan kwaɗon nan da ke nuna tsaro ya fito a gefen adireshi. Wannan ɓangaren da nake jin tsoro, yini biyu ta gama shi.

Rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC ma ta intanet muka yi: aka duba ko wani ya riga mu sunan, muka cike bayanai da lambar NIN, muka biya, takarda ta fito. Baba ya daɗe yana ƙin wannan, yana ganin duk wanda ya kai sunansa ofishin gwamnati ya kira wa kansa masu haraji. Abin da ya sassauta masa zuciya shi ne ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin canjin naira. Mutumin da bai yarda da taransfa ba, ya ga makonni ba wanda ke zuwa da tsaba, dole ya koyi sauraron alat, ya kuma ga amfanin asusun da ke ɗauke da sunan rumfa maimakon sunan ɗansa.

Inda aka kai ruwa rana shi ne farashi. Na kawo masa waya na nuna masa yadda kowace hula za ta fito da kuɗinta a ƙasa. Ya kalla ya daɗe, sannan ya ce, "To ina cinikin?" Na ce Baba a intanet haka ake yi. Ya ce shi shekara arba'in bai taɓa sayar wa mutum biyu hula a kuɗi ɗaya don dole ba. Akwai malamin da yake sayar wa a yadda ya saro. Akwai angon da ya ga alamar ƙarfin hali yake yi, sai ya yi masa ragi ba tare da ya kunyata shi ba. Akwai mai hali da in ka faɗa masa kuɗi kaɗan sai ya raina hular. A wurinsa tayi da albarka da sallamawa hanyar sanin mutum ce, kuma rubutaccen farashi yana rufe wannan ƙofar. Ya ƙara da cewa maƙwabcinmu zai gani ya rage ɗari biyar ya janye mana mutane, kuma baza duk abin da ka mallaka a idon duniya jawo baki ne.

Ban ɗauki maganarsa ta tsufa ba, domin rabinta gaskiya ce tsagwaronta. Amma ni ke riƙe da wayar, na san yadda yinina ke ƙarewa. Mutum hamsin su turo "nawa?" in ba kowa amsa, arba'in da biyar su yi shiru. Wanda ke Legas ko Fatakwal bai san Baba ba, ba zai zauna a kan benci a kawo masa ruwa ba. Shi in bai ga kuɗi a rubuce ba, zarginsa shi ne za a duba shi a yanka masa. Mun yi kusan mako uku muna wannan magana, wani lokaci a rumfa, wani lokaci bayan isha'i a zaure. Kawuna, ƙanin Baba da ke sayar da yadi a Kantin Kwari, shi ya raba gardamar. Ya ce, "Yaya, ka bar yaro ya rubuta na tsakiya, manyan ka riƙe a bakinka." Haka aka yi. Hulunan yau da kullum suna da farashi a rubuce. Manyan tangaran, waɗanda mai ɗinki kan yi wata biyu ko uku a kan guda ɗaya, an rubuta a kira. Wanda kuma ya tako rumfa, tsakaninsa da Baba ne.

Sai hoto. Na ɗauka abu ne mai sauƙi tunda shekara huɗu ina yi, ashe da sauran aiki. Mai sayen hula yawanci da shadda ko yadi a ransa, yana neman zaren da zai hau da kayan. Cikin rumfa akwai duhu, ƙwan lantarki kuma yana canza launi, ruwan toka ya koma shuɗi-shuɗi, ruwan ƙasa ya koma ja. Mun gwada wurare da yawa kafin mu tsaya a kan tsakar gidanmu da hantsi, a inuwa, a kan farin ƙyalle. Kowace hula hoto uku: gefe, sama, da kusa-kusa yadda za a ga ƙanƙantar ɗinkin, domin nan kuɗin yake. Ƙanwar matata ta koya mini rage nauyin hoto kafin in ɗora. Ta ce mai ƙaramar waya da datar naira ɗari biyu ba zai jira hoto mai nauyi ya buɗe ba, kuma shi ne yawancin masu sayenmu.

Abu ɗaya da ta kawo wanda ya fi komai amfani shi ne shafin awo. Hula da inci ake auna ta, 21, 22, 22 da rabi, 23, amma mutane da yawa ba su san lambar kansu ba, sun saba su zo su gwada. Muka ɗauki ɗan gajeren bidiyo, yaron rumfarmu yana zagaya kansa da tef ɗin tela, ga bayani da Hausa da Turanci, har da yadda za a yi da zare da rula in babu tef. Dawo da hula saboda ta yi yawa ko ta matse ya ragu ƙwarai. Duk shafin da harshe biyu muka yi shi, Hausa a sama. Na san da yawa cikin dattawan da ke sayen kayanmu sun fi sakewa da saƙon murya a kan karatun boko, shi ya sa a ƙarƙashin kowace hula akwai maɓallin da ke kai mutum WhatsApp kai tsaye, da lambar hular a rubuce.

Hanyar biyan kuɗi da Paystack muka haɗa, kamfanin da ke karɓar wa 'yan kasuwa kuɗi ta intanet. A lokacin suna cire kashi 1.5 cikin 100 da ƙarin naira 100, kuma ba ya wuce naira 2,000 komai yawan cinikin. Baba ya kira shi la'ada, ya ce dillali ma yana karɓa. Amfaninsa a wurina shi ne ba ruwana da alat na bogi, sai kuɗi ya shiga sannan oda take fitowa. Muka kuma saka rumfar a taswirar Google, duk da cewa lungunan Kurmi sun fi ƙarfin taswira, sai da muka rubuta kwatance da kalmomi, ta wace ƙofa za a shigo, a tambayi layin wa.

Shafin ya fara aiki makonni kaɗan kafin azumin 2024. Zan faɗi gaskiya, watan farko ba oda ko ɗaya da ta shigo ta kansa. Ba wanda ya san da shi. Sai da na buga adireshin a jikin ledarmu da katin da muke sakawa a cikin hula, na saka shi a sabon shafinmu na sada zumunta, duk wanda ya tambayi "nawa?" na tura masa. A hankali abin ya kama. Har yanzu yawancin mutane ba a shafin suke biya ba. Sukan duba, su zaɓa, su zo WhatsApp su ce lamba kaza nake so, awo kaza. Maganar da a da take cin saƙo talatin yanzu uku ta ishe ta.

Akwai kuma cinikin da na tabbata da ba mu samu ba. Wani ango a Abuja yana neman hula arba'in iri ɗaya ta abokansa, ya ce an taɓa cinye masa kuɗi a hannun mai talla ta waya, don haka sai da ya ga adireshi, da lambar rajistar CAC a ƙasan shafi, da hoton rumfa da Baba a zaune, sannan ya tura kafin alƙalami. Wani ɗan unguwar Nima a Akara ta ƙasar Ghana ya same mu ta hanyar bincike a Google, yanzu duk Sallah sai ya yi sari ya kai zango. Shi ya faɗa mini da Turanci ya buga neman, abin da ya sa na koma na ƙara wa kowace hula sunan da baƙi ke kiranta da shi.

Wahalar da ba wanda ya faɗa mini ita ce ta kullum. Hular hannu guda ɗaya ce tak, ba ta da ta biyu. In Baba ya sayar da ita a rumfa da azahar ban cire ta daga shafi ba, da la'asar wani a Jos zai iya biyan kuɗinta. Sau biyu hakan ta faru, na kira na ba da haƙuri na mayar da kuɗi, kuma na ji kunya sosai. Daga nan muka manna wa kowace hula lamba a ciki, muka ajiye littafi. Duk wadda ta fita, yaron rumfa ya rubuta lambarta, ni kuma in sauke ta nan take, in ba caji ko sabis to kafin magariba. Baba da kansa yanzu yakan ɓamɓare lambar ya manna a bangon littafin in yaron ba ya nan. Ga kai kaya tasha, ga kiran direba, ga bin sawu har kaya su isa. Ga data da ta ƙara tsada tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a farkon 2025. A ganina nan ne mafi yawan ƙananan 'yan kasuwa ke sarewa. Kuɗin kafawa ana iya haɗa shi. Amma mai shago ɗaya, shi ne mai saro kaya, shi ne mai jiran kanti, shi ne mai kai yara makaranta, in ba shi da wani matashi amintacce a gefe, shafin zai zama kango cikin wata uku, da hotunan kayan da aka sayar tun bara.

Maƙwabcinmu da Baba ke tsoron zai karya farashi, bai karya ba. Zuwa ya yi ya ce in haɗa shi da mai yi. Ƙanwar matata tana Gombe tana hidimar ƙasa a lokacin, ta waya ta yi masa, ɗansa na sakandare yana riƙe da littafin lambobi. Na zauna tare da su ranar da za a yi rajistar suna, na tabbatar da imel ɗin uban aka buɗe.

Kalmomin sirrin shafinmu, da sunan kamfanin da muka yi rajista, da ranar da haya ke cika, duk na rubuta su a takarda da biro. Baba ya karɓa ya ninke ya saka a akwatin ƙarfen nan tare da takardun rumfa. Bara, saura wata guda wa'adi ya cika, muna rufe rumfa da yamma sai ya ce da ni, "Kai, hayar rumfar sama ba ta kusa ba?" Na ce saura wata ɗaya, Baba. Ya ce in biya ta shekara biyu gaba ɗaya, in cire a cinikin ranar, in kawo masa rasit ya haɗa da sauran.